Baffa Hamidu da Rufin Motarsa

Ina tsaye gaban 'yan ajin ƙarshe a ƙarƙashin mangwaron makaranta, muna magana kan abin da kowa ke son karantawa idan ya gama sakandare, sai wayata ta yi ƙara a aljihu. Hadarin farko na bana ya soma haɗuwa a kan duwatsun gabashin Jalingo. Da na ga sunan Baffa Hamidu a fuskar wayar, na sauke numfashi, domin na san wannan kiran, yana zuwa duk shekara tare da hadari. Na ɗauka, ban ma jira sallamarsa ba na ce, "Baffa, ina tare da ɗalibai. Ranar Asabar zan zo mu ɗora rufin." Sai na ji muryar ɗansa Buba yana cewa, "Malam Lawal, ni ne. Allah ya yi wa Baba rasuwa ɗazu da hantsi." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na sallami yara, na tari keke daga bakin makaranta zuwa unguwarsu, Mayo Gwoi. Bayan la'asar muka kai shi makwancinsa.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Hamidu malamin zane da aikin ƙarfe ne, ya koyar a makarantun jihar nan har ya yi ritaya. Ni ɗalibinsa ne tun ina ƙaramin aji, daga baya Allah ya haɗa mu a makaranta guda, ni ina koyar da tarihi ina kuma ba ɗalibai shawara, shi yana mataimakin shugaba. Bafulatani ne ɗan asalin garin nan, ni kuwa kakannina daga Zariya suka zo da fatauci, don haka tun ranar da ya san haka bai ƙara kirana da sunana ba sai a gaban baƙi. Bazazzagi yake ce mini, ni ina ce masa Baffa. Mutum ne da ba ya ɗaga murya. Idan ɗalibi ya kawo masa zane a karkace, ba ya tsawa, sai ya fiƙe masa fensir da hannunsa ya miƙa masa, ya ce, "Sake." Yana iya cewa sake har rana ta faɗi. Manyan mutane da yawa da na gani a maƙabarta suna share hawaye, na san wannan kalmar ce ke yi musu amo a kunne. Ba a yin jana'iza a unguwarsu ba tare da shi ba, kuma ban taɓa jin ya ci naman wani a ɗakin malamai ba.

Amma ba zan yi wa mamaci ƙarya ba. Baffa ya wahalar da ni, kuma da mota ya wahalar da ni. Duk wanda ya zauna a Jalingo ya san ta: 'yar ƙaramar mota koriya mai kujera biyu, ƙasa-ƙasa kamar za ta lashi kwalta, wadda yara ke kira mai cire hula. A hannun wani injiniya baƙo ya saye ta, wanda ya gama aikin hanya zai koma ƙasarsu. Rufinta na tamfol ya daɗe da ruɓewa, saura rufi mai tauri wanda ake ɗorawa a cire. Da rani Baffa kan cire shi ya jingina a kan tsofaffin tayoyi cikin rumfa, ya lulluɓe shi da bargon da ya fi nawa kyau. Da damina ta kawo kai sai a ɗora. Rufin kuwa mutum ɗaya ba ya iya ɗaukarsa, sai biyu, ɗaya a kowane gefe. 'Ya'yansa suka girma suka watse wajen karatu da aiki. Ni na rage, a unguwar Abbare, kusa, ga kunyar malami.

Aikin da ya kamata a gama kafin shayi ya huce, Baffa kan ci wuni da shi. Da farko sai an wanke duk robar da ke zagaye da bakin rufin, an shafe ta da mai da ɗan tsumma. Sai an goge ramukan nan biyu na bayan kujeru inda ƙusoshin rufin ke shiga. Sannan mu ɗaga, shi a hagu, ni a dama, mu tako daga bayan mota muna tafiyar kaguwa, yana ta cewa, "Sese-sese, Bazazzagi, a hankali." Idan na yi saurin sakin hannu sai ya ce, "Ba sauke shi ake yi ba, ajiye shi ake yi. Ɗaga." Mu sake ɗagawa. Gumi na shiga idona, shi kuwa ya duƙa yana leƙen ƙusa kamar mai duban jinjirin wata. Idan ƙusoshin baya sun shiga, sai ya zagaya ya zauna a kujerar direba, ya ja sakatun gaba guda biyu da ke kama rufin da firam ɗin gilashi, ya ɗaure notinansu da 'yar sufana. Wannan ɓangaren ba ya barin kowa ya taɓa. Na taɓa miƙa hannu, ya ce, "Kai malamin tarihi ne. Riƙe kawai."

Bayan nan sai gwajin takarda. Yana yanka tsohuwar jarida siri-siri, ya cusa tsakanin roba da ƙarfe, ya rufe, ya ja. In takarda ta zare da sauƙi, akwai kafa, a kwance a sake. Daga nan sai gwajin bokiti: ya shiga ciki ya rufe gilashi, ni in tsaya a rana ina ɗibar ruwa daga rijiya ina kwarara wa mota. In na tambaya ko mun gama, amsarsa ɗaya ce, "Saura kaɗan." Na rasa halartar ɗaurin aure saboda saura kaɗan. Na taɓa barin takardun jarrabawar aji guda ba a duba ba saboda saura kaɗan. Matata ta kai ga cewa idan an ga hadari a gabas, kada a ajiye mini abincin rana.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, bayan duk wannan wahala rufin yana yoyo. Na san haka domin wata rana ya rage mini hanya daga makaranta, ruwa ya kama mu, muna shiga gargada sai na ji sanyi a kafaɗata ta dama. Ruwa ne ke tsattsafowa daga kusurwar rufin, saman gilashin ƙofa, yana gangarowa cikin wuyan rigata. Na ce, "Baffa, gefen nan yana zuba." Bai ko waiwayo ba. Ya ce, "Gumi ne. Ku Zage-zagi kun cika cin yaji." Na nuna masa rigata a jiƙe, ya ce ban rufe gilashi da kyau ba. Da muka isa gida ya sa na kwarara bokiti a daidai wurin, mota na tsaye, ko ɗigo bai shiga ba. Ya dube ni irin kallon da yake wa ɗalibin da ya zo da uzurin ƙarya. Sannan ya kawo hujjar da ba na iya karyawa: "Hajja ta yi shekaru tana zama a kujerar nan, har garin Mutum Biyu muke zuwa cikin ruwa. Ba ta taɓa cewa ɗigo ya taɓa ta ba. Kai daga makaranta zuwa nan har ka nutse?"

Hajja ita ce matarsa, mu muna ce mata Dada. Abin da zan faɗa a kanta na nemi izininta a zaman makoki, ta ce in rubuta, shi ma da zai so a rubuta. Dada 'yar Mutum Biyu ce, a can yayanta yake da gonakin gidansu, kuma duk damina takan je ta duba dangi. Ba ta shiga motar idan babu rufi, domin a ganinta ba tsarin dattijuwa ba ne ta ratsa gari a buɗe, iska na wasa da mayafinta, 'yan kasuwa na kallo. Don haka lokacin hawanta shi ne damina kawai. Shekaru suna yin wannan tafiya su biyu, kuma Baffa ba shi da abin da yake so kamar ta. Sai aka wayi gari ta daina. Shekarar farko ta ce ƙafarta ke ciwo. Ta biyu ta ce za ta tafi da kaya masu yawa. Daga nan ta riƙa tafiya tasha da kanta ta shiga motar haya.

Wannan abu ya ci Baffa, ko da yake ba mai faɗin ciwonsa ba ne. Sau ɗaya tak ya yi mini maganar, muna shafa wa roba mai, idonsa a kan tsumma. Ya ce, "Ta gwammace ta matsu tsakanin buhunan masara da ta zauna kusa da ni. Ina jin kunyar motar take ji. Ko kuma kunyata, tsoho da motar yara." Ya ci gaba da shafa mai. Tun daga ranar na gane abin da ke bayan ƙarin tsananin da yake yi wa aikin kowace shekara. Yana so Dada ta dawo kujerar nan, kuma bai san abin da ya kore ta ba.

Ni na yi zargi, don haka na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa, na gaishe ta na durƙusa, na ce, "Dada, don Allah, gefenki ba ya yoyo?" Ta yi murmushi ba ta ɗago ba. Ta ce, "Tun shekarar farko." Takan saka mayafi na biyu a jaka, idan sun kusa gari ta ce ya tsaya za ta yi alwala, ta canja. Da girma ya zo, sanyin ya fara zauna mata a kafaɗa har ba ta iya ɗaga tulu, shi ne ta janye. Na ce, "To me ya hana ki gaya masa?" Ta ce, "Ɗana, mutum ya wuni a rana yana gyara abu, ya shigo yana murna, sai in buɗe baki in ce bai gyaru ba? Ba a haka aka rene mu ba." Na ce to ni zan gaya masa. Nan ta ajiye faranti ta dube ni. "Ka faɗa masa naka. Nawa amana ne."

Na fita gidan ranar ina jin haushin su duka biyun. Ga miji da ba ya yarda da kowa sai shaidar matarsa, ga mata da fulaku, kunyar nan ta Fulani, ya hana ta ba da shaidar, ga ni a tsakiya da bokiti. Ina wuni a makaranta ina roƙon yara su buɗe baki su faɗi abin da ke damunsu, in zo Mayo Gwoi in tarar da dattawa biyu da suka fi ƙarfina. Na sake gwada faɗin nawa, na ce mu gwada mota tana tafiya, shi ya zauna a dama ni in tuƙa. Ya ce tun da ya saye ta babu wanda ya taɓa riƙe sitiyarinta, kuma ba da malamin tarihi zai fara ba.

Daminar bara ce Allah ya kawo abin da na kasa. Ciwon suga ya daɗe yana cin idon Baffa. Ya tuƙa kansa zuwa asibitin ido, likita ya ɗiga masa maganin da ke sa gani ya dushe, ya ce ba zai tuƙa ba sai gobe. Buba ba ya gari. Sai ga kira, murya a daƙile: "Bazazzagi, zo ka kai ni gida. Ka wanke hannu." Na same shi tsaye jikin mota cikin farar riga, ya miƙo mini makulli kamar wanda ake cire wa haƙori. Ya zagaya ya zauna a kujerar dama, karo na farko a rayuwarsa. Tun kafin mu fita ƙofar asibiti ya fara: kada in taka kuloci haka, giya ba tuwo ba ce da zan tuƙa ta da ƙarfi. Muna cikin haka ruwa ya tsuge.

Da muka sauka daga kwalta muka shiga layin unguwarsu mai ramuka, motar ta fara murɗawa yadda take yi, sai na ji faɗan ya tsaya. Na saci kallo. Ruwa na sauka daga kusurwar rufi, ɗigo bayan ɗigo, a kan kafaɗarsa ta dama, farar rigar ta manne da fata. Ya ɗaga hannu ya taɓa wurin, ya bi ruwan da yatsa har sama. Na yi ƙoƙarin kame bakina, na kasa. Na ce, "Baffa, ko gumi ne?" Ya ce, "Tuƙa."

A ƙofar gida na kashe mota, bai fita ba. Ruwa na dukan rufi, muna zaune. Can ya ce, "Daga asibiti zuwa nan ke nan." Na ce eh. Ya ce, "Har Mutum Biyu fa?" Ya juyo da idanun da ba sa gani sosai ya ce, "Ka sani?" Na ce, "Na faɗa maka nawa, Baffa. Na wani, mai shi ke da shi." Ya daɗe yana gyaɗa kai. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kuma ba na son in ƙara kwatanta ta fiye da wannan.

Na ɗauka daga nan zan huta. Ashe wahalar ba ta fara ba. A makon nan likita ya yanke cewa Baffa ya gama tuƙi har abada, kuma kada ya ƙara ɗaga abu mai nauyi. Bai yi gardama a kan tuƙi ba, amma rufi ya ce sai an cire an sake, a tsakiyar damina. Aka kira Buba ya dawo. Ni da Buba muka ɗaga muka ajiye, shi yana zaune a kujerar dama, yana bin bakin rufin da yatsunsa tun da ido ya ƙi. Ya sa muka ajiye ba tare da an ja sakata ko ɗaya ba, ya shafa hagu, ya shafa dama, duk sun zauna daidai. Sai ya ce wa Buba ya zauna a kujerar direba ya rufe kamar yadda ya saba ganin ana yi. Buba ya ja sakatar hagu, wadda ke saman kansa, ya ɗaure ta tamau, sannan ya miƙa hannu zuwa ta dama. Baffa ya ce, "Tsaya." Yatsansa na kusurwar dama. Ya ji rufin ya ja zuwa hagu, kusurwar ta ɗan hau kan roba maimakon ta kwanta a cikinta.

Ya ce, "Wa ke fara rufe ta hagu?" Na ce, "Kai." Ya ce, "Kullum?" Na ce, "Kullum. Ka taɓa barin wani ya taɓa?" Ya ce, "To ni ne. Ina ɗaure gefena har ƙarshe don yana kusa da hannuna, nata ya biyo yadda ya samu." Idan mota na tsaye nauyin rufin kan danne kafar, takarda ta kama, bokiti ya wuce. Sai an hau hanya jikin mota ya fara motsi take buɗewa. Shekarun da aka yi ana danne robar dama a karkace sun sa ta lanƙwashe ta mutu, ko an daidaita ba za ta riƙe ba.

Sai neman roba. Ta farko da aka aiko daga Kano ta yi kauri, ƙofa ta ƙi rufuwa. Ta biyu ta yi gajarta. Ta uku ya shinshina ya ce tsohuwa ce aka shafa wa mai, kuma da gaskiyarsa. Da aka samu wadda ya yarda da ita, ya kafa sabuwar doka: mutum biyu za su zauna a ciki, kowa ya riƙe sakatarsa, a ja tare, a ɗaure kaɗan a nan, kaɗan a can, har su kai. Aka ƙara siririn washa a ƙarƙashin ƙusar baya ta dama, aka cire, aka mayar. Aka kwance fatar ƙofa aka ɗan ɗaga gilashi don ya kai ga sabuwar roba. Kowane canji kuwa sai an gwada, gwajin kuma yanzu ba na bokiti ba ne. Sai ruwan sama na gaske da mummunar hanya. Duk lokacin da hadari ya haɗu, ko ina tsakiyar taron iyayen yara, wayata za ta yi ƙara: "Bazazzagi, ya taso." In zo in ɗauke shi, ya sa farar riga, ya cire hula, ya ɗaga fuska zuwa kusurwar rufi, mu bi layin da ya fi kowane ramuka a Mayo Gwoi muna kai da kawowa. Mutane na fake a shaguna suna kallonmu. Wani mai shayi ya tambayi Buba ko lafiya muke. Ɗalibaina suka gan ni, washegari na sha tambaya.

A ɗaya daga cikin waɗannan zagayen, haƙurina ya ƙare, na faɗi abin da na daɗe ina riƙewa. Na ce, "Baffa, kujera biyu ce a motar nan. Kai ba ka tuƙi. In Dada ta zauna a nan, ni ina nan, kai ina za ka zauna? Duk wahalar nan ta mece ce?" Na yi nadamar kaifin maganar tun kafin in rufe baki, amma bai ji haushi ba. Ya ce, "Na lissafa wannan tun a gaban likita. Zaman kusa da ni ya wuce, ni na ɓata shi. Saura ta je gidansu a motar nan ta sauka a bushe. Hakkilo, yi hankali, ga rami."

Ranar da muka yi zagaye cikin ruwa mai ƙarfi ya dawo da rigarsa a bushe, ya shiga cikin gida, ni ina bakin zaure ina jin su. Bai yi dogon bayani ba. Ya ce, "Hajja, na zauna a kujerarki." Sai na ji ta ce, "Allah sarki, Malam." Ya ce, "Ina so ki je Mutum Biyu da ita. Lawal zai tuƙa, ni ina baya a motar Buba." Ta ce, "To."

Ko ranar tafiyar sai da ya ɗaga ta har aka samu safiyar da gabas ta yi baƙi, domin a cewarsa tafiya cikin rana ba shaida ba ce. Muka fita, Dada a gefena da jakarta a cinya, ta zauna a miƙe kamar a gaban alƙali. Ba mu yi nisa da gari ba ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, hanyar kuwa duk wanda ya bi ta ya san halinta. Wayata ta yi ta ƙara. Na ce, "Dada, shi ne, ni ina tuƙi." Ta duba ta ce, "Bar shi. In mun isa ya gani." A madubi ina hango fitilun motar Buba manne da mu, na san irin azabar da yaron ke sha a ciki.

Muka tsaya a ƙofar gidan yayanta, ruwa bai ɗauke ba. Kafin in kashe mota Baffa ya fito, Buba na bin sa da lema yana roƙonsa ya jira, ya lalubo jikin motar har ya kai ƙofar dama. Dada ta sauke gilashi. Ya ce, "Hajja, yaya hanya?" Ta ce, "Lafiya lau, Malam, alhamdu lillahi." Ya ce, "Wannan amsar na daɗe ina karɓarta. Yau ba ita na zo nema ba." Ta dube ni, na mayar da idona kan sitiyari. Ta ce, "Ruwa bai shigo ba. Ko ɗigo." Ya runtse ido ya ce, "Useko. Na gode wa Allah." Ya juya zai tafi, sai ta ce, "Amma tun da ka tambaya." Ya tsaya.

Ta ce akwai wani ƙarfe a bayan kujerar da ke sukar ta a ƙugu tun ranar da ta fara shiga. Ta ce motar ta yi ƙasa da yawa, in ta zauna sai ta ji kamar a rijiya aka zura ta, fita kuwa sai gwiwa ta yi kuka. Ta ce warin fetur na hawa mata kai. Ta ce shi kansa yana gudu a kwana, kuma ba ya tsayawa a saya wa yara rake sai ta yi ƙaryar alwala. Tana faɗa a hankali, da muryarta ta kullum, ba ta ɗaga kai ba. Shi kuwa yana tsaye, ya ture lemar Buba don ya ji da kyau, ruwa na bin gemunsa, yana murmushin da na manta yana da shi. Duk lokacin da ta numfasa sai ya ce, "Sai kuma me? Ci gaba, Hajja." Yayanta ya fito zaure yana kallo, ya rasa ko gaisuwa zai yi ko rabon faɗa. Da ta gama, Baffa ya leƙo ta kan kafaɗarta ya ce, "Bazazzagi, ka ji da kunnenka. Kujera. Asabar." Na ce, "Baffa, ni ma ina da iyali." Ya ce, "Ka gaishe su."

Duk ranin da ya wuce a kan kujerar nan muka ƙare, da bututun fetur. Dada takan fito ta zauna ta gwada, ta ce nan ya yi, nan bai yi ba, a fili, a gabana, shi yana saurare kamar ana karanta masa albishir. Har yau ina jin haushin shekarun da suka tafi a banza tsakanin taurin kansa da kawaicinta, kuma na faɗa masa haka yana raye. Ya amsa da cewa gara wata shida da babu. Watannin nan kuwa ya same su, kuma na shaida bai bar ko yini ɗaya ya zube ba.

Ya Allah, ga bawanka Hamidu ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Ka sanya haƙurin da ya yi da 'ya'yan mutane a aji, da sawun da ya taka zuwa jana'izar talaka da mai hali, su zama nauyi a mizaninsa. Abin da ya yi kuskure cikin rashin sani ka shafe masa, kamar yadda ya tashi tsaye ya gyara da zarar ya sani. Ka ba Dada juriyar wannan rabuwa, ka ƙara mata lafiya, ka kewaye ta da masu tambayarta yadda take su kuma tsaya su ji amsa. Ka albarkaci Buba da 'yan uwansa da jikoki, ka haɗa kansu. Mu ɗalibansa da muka rage, ka sa mu cika da imani idan tamu ta zo, ka sada mu da shi a Aljanna Firdausi. Amin.